Tsayin Teburin Guntu

Zuwa ga ɗan ƙanwata, Guntu,

Sallama da gaisuwa daga kawunka. Ina fata kana lafiya, kai da mai ɗakinka da ban taɓa gani ba. Ni dai da sauƙi. Gwiwoyi sun ƙi, kunnen hagu ya ajiye aiki, hannu kuma yana rawa, ga shaida nan a rubutuna.

Direban motar siminti ya miƙo mini takardarka ranar Talata. Sau uku na karanta ta. Shekara goma sha takwas rabon da in sa ka a ido, tun rasuwar mahaifiyarka. Ran nan kana tsaye a bakin ƙofa, kanka bai kai sakata ba. Ka yi haƙuri da sunan, shi bakina ya saba da shi. Ashe walda ka koya, ba wanda ya gaya mini. Ka kyauta da ka rubuto maimakon waya, don a waya ba na jin komai sai shuuu.

Ka ce za ka bar wurin maigidanka ka buɗe rumfarka, kana so ka haɗa teburin aiki da hannunka. To, saurara. Mai walda ba ya wuce teburinsa. In tebur ya karkace, duk ƙofar da ka haɗa a kansa za ta fito a karkace, kai kuma ka yi ta zagin ƙarfe.

Ƙafafu, ka nemi bututu mai kusurwa huɗu, inci uku, mai kauri, irin nawa. Firam ɗin sama kada ka yi masa walda gaba ɗaya. Ka ɗiɗɗiga masa wuta a kusurwoyi tukuna, sannan ka ja zare biyu daga kusurwa zuwa kusurwa su gicciye a tsakiya. In sun taɓa juna ba tare da ɗaya ya danne ɗaya ba, firam ya kwanta. In akwai rata, ka fasa ɗigon ka sake. Da ka fara waldar gaske, ka yi kaɗan a nan, ka tsallaka ɗaya gefen, ka dawo. Zafi yana jan ƙarfe wajensa, sai ka raba masa hankali.

Farantin sama kuwa, wato shimfiɗar ƙarfen da ake aiki a kai, kada wutar walda ta taɓa shi. Ka huda shi ka ɗaure da ƙusa mai noti. Malaminmu na makarantar sana'a ya dasa mana wannan a ka: abin da wata rana za ka so ka kwance, kada ka yi masa walda.

Tsayi. Ban yarda da ƙwaƙwalwa ba, sai na ɗauki sanda na taka har shagona, na buɗe, na auna teburina da tef ɗin awo. Inci ashirin da takwas daga ƙasa zuwa saman faranti. Shekara arba'in ina aiki a kansa.

Yayarka, wato 'yata, tana so in ba ta makullin shagon a sayar da kayan, ni kuma in koma gidanta in zauna a ɗakin baya. Ta ce na fara mantuwa, zaman kaɗaici bai kamace ni ba. Na ce mata ba yanzu ba. Takardarka ta zo a kan gaɓa.

Ka rubuto mini yadda ake ciki.

Kawunka.

*

Zuwa ga Kawu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan gwiwoyi sun yi sauƙi. Muna lafiya. Mai ɗakina tana gaishe ka, ta ce rubutunka ya fi nawa kyau, da rawar hannun da komai.

Kawu, na ji daɗin takardarka ƙwarai. A wurin maigidana teburin da muke aiki a kai tsohon ƙyaure ne aka ɗora kan ganguna biyu, ba wanda ya taɓa nuna mini zancen zare. Na gwada a ƙasa da wani tsohon firam, sai ga rata har yatsa yana shiga. Shekara shida ina mamakin abin da ke sa tagogina ba sa rufuwa sai an buga.

Na sayo bututun da farantin. Farantin sai da mutum huɗu suka taya ni saukewa. Rumfar tana bayan wani gareji, ƙasanta siminti ne, rufin kwano, gefe ɗaya a buɗe.

Abu ɗaya, Kawu. Tsayin nan, ashirin da takwas na gani a takardar. Na ce bari in tambaya ko haka ne, kafin in sa zarto. Ba gardama nake ba. Tsohon maigidana ya leƙo, na nuna masa, ya yi wata magana da ba sai na maimaita ba.

Zancen Yaya kuma, Allah ya daidaita. Ni dai ban ga mantuwa a takardarka ba.

Ɗanka, Guntu.

*

Guntu,

Gaisuwa. Jiki yana nan yadda ka sani. Ka gaida mai ɗakinka, ka ce mata ta iya magana.

Ashirin da takwas na rubuta, ashirin da takwas ne. Da na karanta tambayarka sai da na sake takawa shagon da tef, ga shi kuwa ana yayyafi. Bai ƙaru ba, bai ragu ba. Mutumin da ke aiki a kan ƙyaure da ganguna, shi ne zai gyara mini awo? A kan teburin nan na haɗa ƙofofin makarantu, da gadajen asibiti, da matakala mai lanƙwasa ta wani bene da har yau mutane ke hawa. In kai ma ka shiga sahun masu ganin kan tsoho ya kwance, ka faɗa mini kai tsaye, ba sai ka laɓe bayan maigidanka ba.

Na faɗi haka ne don abin da ya faru ranar Lahadi. Yayarka ta zo ta tarar na bar butar shayi a kan wuta har gindinta ya ƙone. Gaskiya ne, na bar ta. Ina zaune ina zana maka yadda za ka sa ƙarfen tokare tsakanin ƙafafu, hankalina ya tafi can. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Ta tsaya tana kallon butar, sannan ta ce, "Baba, yau buta ce."

Sai na ɗauko takardarka na ba ta. Na ce ta karanta, ta ga akwai mai sana'a a wani gari da ke yanka ƙarfe da maganata. Ta karanta, ta ninke, ta ce to, a bari a ga teburin. Haka muka rabu. In teburinka ya fito daidai, makulli yana wurina. Ban so in ɗora maka wannan ba, amma gara ka sani.

Zanen tokaren yana bayan takardar nan. Ka sa shi ƙasa-ƙasa, ka shimfiɗa masa raga, wurin ajiye guntaye. Kada ka zubar da guntun ƙarfe, ko na inci biyu ne. Kada kuma ka shafa wa saman faranti fenti, wutar lantarkin walda ba za ta bi ba. Mai kaɗan ya isa.

Ka yanka.

Kawunka.

*

Guntu,

Ina gaishe ka. Yau sati bakwai ke nan ban ji daga gare ka ba. Direban ya zo sau uku. Duk zuwan da ya yi ina zaune a bakin titi kan bencin mai gyaran takalmi, sai ya ɗaga mini hannu wayam tun daga nesa, don kada in wahala da tashi.

Na sake karanta abin da na rubuta maka, don ina ajiye kwafi, al'adar aiki ce tun ta da. Na ga na yi zafi. Tambaya ka yi, mai sana'a kuwa dole ya tambaya. Ni ma na tambayi malaminmu abubuwa har ya gaji da ni. In maganata ce ta sa ka yi shiru, ka yafe.

Kullum da hantsi ina zuwa shagon. Ba aikin da nake yi, injin waldar ma shekara biyu ban tayar da shi ba. Ina buɗe ƙofa, in zauna a kujerata, in goge farantin da tsumma mai ɗan mai. Fuskarsa duk tabon tartsatsi ce, da layukan alli da suka ƙi fita, da wani rami a kusurwa inda guduma ta kuɓuce mini shekarar da aka haifi yayarka. Kowane tabo na san aikin da ya bar shi. Abin da na ci jiya kuwa sai in yi ta lalube. Wannan ban gaya wa kowa ba sai kai.

Tun da mai ɗakina, mahaifiyar yayarka, ta rasu, ɗakin nan ba wanda ke ce mini kaza ne ko ba kaza ba. Mutum in ya daɗe ba a musa masa, sai ya ɗauka komai ya faɗa daidai ne. Ko kuma ya daina sanin wanne ne daidai.

Ko layi biyu ne ka aiko. In ka fasa teburin ma ka faɗa, ba zan ji haushi ba.

Kawunka.

*

Zuwa ga Kawu,

Gaisuwa da neman gafara. Takardunka biyu duk sun iso. Wallahi ba fushi na yi ba, ni wa, in yi fushi da kai? Kwanciya na yi. Bayana ne ya riƙe, sati biyu ko ruku'u ba na iyawa, sai a zaune. Yanzu da sauƙi, na koma rumfa.

Tebur ya haɗu, Kawu, tun sati biyar da suka wuce. Na bi maganarka ɗaya bayan ɗaya. Zaren nan biyu suka taɓa juna kamar an shafa. Faranti na ɗaure shi da noti goma sha biyu, wuta ba ta taɓa shi ba. Aikin farko ƙofar wani mai kanti ce, ƙyaure biyu. Da muka kafa ta, da yatsa ɗaya ya tura ta rufe, ya buɗe, ya sake rufewa, yana dariya. Shi ya kawo mini maƙwabcinsa, maƙwabcin ya kawo wani. Har tsohon maigidana ya aiko a haɗa masa firam a kai, bai dai zo da kansa ba.

Ciwon bayan ba laifin tebur ba ne, yawan aiki ne. Mai ɗakina ta ce in gaya maka wani abu, na ce ba ruwanta da zancen ƙarfe. Sai ta ce to aƙalla in sa hoto. Ita ta ɗauka, ta kai aka wanke, ga shi nan a ciki. Ka nuna wa Yaya, ta ga teburin ya fito daidai.

Ɗanka, Guntu.

*

Ɗana,

Na gode Allah da ka tashi. Ka gaida mai ɗakinka da kyau, ka ce mata saƙonta ya iso, na kuma gane shi.

Na sa tabarau na duba hoton a bakin taga. Da farko teburin na kalla. Aiki ya yi kyau, kusurwa ta tsaya, waldar ƙafa kamar an jera ta da hannu. Sannan na kalli mutumin da ke tsaye a gefensa. Wani zanƙalelen mutum, kansa yana neman taɓa kwano, tebur kuwa ko cinyarsa bai gama kaiwa ba. Na daɗe ina neman Guntu a hoton. Haba ɗana, wannan tsawo duk ina ka samo shi? Ba wanda ya aiko mini da labari.

Amma ko gajere ne kai, teburin nan ya yi ƙasa. Na gani da idona. Teburin tsayuwa yana kaiwa inda wuyan hannun mutum yake in ya saki hannu. Na san wannan tun kafin a haife ka.

Na ɗauki sanda na tafi shagon. Na tsaya a gaban nawa, ban zauna ba, abin da na daɗe ban yi ba. Sai na ga shi ma a cinyata yake. Na durƙusa da ƙyar na jawo kwandon guntaye daga ƙarƙashi. A can ƙasa na same su, guda huɗu, an ɗaure da waya, kowanne inci takwas, da alli a jiki da rubutuna: gaba dama, gaba hagu, baya dama, baya hagu.

Shekara tara da suka wuce, da gwiwoyi suka fara hana ni tsayuwa, ni da hannuna na yanke ƙafafun teburin don in riƙa aiki a zaune. Talatin da shida ne asalinsa. Na manta, ɗana. Ba ƙaramin abu na manta ba, yini guda na yi ina wannan yankan. Sau biyu na auna maka da tef, tef bai yi ƙarya ba, teburin gurgu na auna na aika wa mai ƙafa. Ka tambaye ni cikin ladabi, na hau ka da faɗa. Kai kuma ka sunkuya a kai sati uku har bayanka ya riƙe, don kada ka kunyata ni. Wannan ladabin ya yi yawa. In babba ya ba ka awon da idonka ya ƙi, ka sake tambaya, ko zai zage ka.

Ka ce in nuna wa yayarka hoton. Ita ba ta san tsayin tebur ba, da ta gani za ta ce ya yi, makulli ya zauna a aljihuna. Na yi kwana biyu da wannan tunani, ba zan ɓoye maka ba. Jiya ta zo, na ajiye hoton da guntayen a gabanta, na gaya mata duka. Na zaci za ta ce da ma ta faɗa. Sai ta ɗauki guntu ɗaya tana juyawa, ta ce, "Ni na riƙe maka ƙafar ranar da ka yanke su, Baba. Ni ma ban tuna ba sai yanzu." Ban sani ba ko gaskiya ta faɗa ko tausayi ne. Na ce mata ƙarshen wata ta zo ta karɓi makulli.

Guntayen na ba direba. Bututunsu ɗaya da naka. Ka kifa teburin, ka gyara bakinsu, ka yi musu walda a ƙafafun, ka duba da sikwaya, ma'aunin kusurwa. Daga nan ba ka bukatar shawarata, hannunka ya wuce nawa.

Kawunka.

*

Zuwa ga Kawu,

Gaisuwa daga ni da mai ɗakina. Baya ya warke sarai. Ta ce in gaya maka ita ta ci, kuma tun ranar take yi mini dariya.

Guntaye sun iso. Na daɗe ina kallon rubutun allin, ban goge ba. Tebur yanzu talatin da shida ne, yau kwana goma ina aiki a miƙe kamar mutum.

Sai dai a abu ɗaya na saɓa maka, tunda ka ce in riƙa musu. Ban yi wa guntayen walda ba. Na sa wa kowanne ɗan bututu a ciki wanda ke shiga cikin ƙafar, na huda, na ɗaure da ƙusa mai noti biyu-biyu. Ba ya motsi ko kaɗan, na hau kai na yi tsalle. Kai ka rubuta mini cewa abin da wata rana za a so a kwance, kada a yi masa walda. Da sufana da jak ɗin ɗaga mota na garejin maƙwabta, minti goma ya isa tebur ya koma ashirin da takwas.

Ga dalili. An ba ni aikin matakala mai lanƙwasa, ta bene. Na zana ta sau huɗu a kan faranti, ba ta fita. Ka ce ka taɓa yin irinta. Wannan ba ta takarda ba ce, sai an zauna a gaban faranti da alli. Akwai ɗaki a gidanmu, ƙofarsa ba tudu, taku arba'in ne zuwa rumfa, na ƙirga. Kujera ma na haɗa, mai hannu, don tashi.

Na yi magana da Yaya a waya. Ta ce ita ba ta hana ba, amma kada a bar ka kai kaɗai da buta. Direba ya ce akwai wurin zama a gaban motarsa ranar Asabar ta sama. In mantuwa ta zo, Kawu, mu biyu ne, ga mai ɗakina ta uku, ita ba ta raga wa kowa.

Ɗanka, Guntu.

*

Dogo,

Ka ga na gyara sunan, ko da yake a makare.

Lafiya lau, gwiwoyi suna gaishe ka. Na ba yayarka makulli jiya da hannuna. Injin da sauran kaya sai ta sayar. Farantina kawai na ce a bari, direba ya ce zai shiga bayan mota in an sami masu ɗagawa. Ba za ka rasa abin yi da shi ba.

Noti biyu-biyu ya yi, amma ina fata ka sa wa kowanne washa, ɗan zoben ƙarfen nan na ƙarƙashin noti. Zan duba.

Matakala mai lanƙwasa ba daga matakan ake fara ta ba, shi ya sa ta ƙi ka. Daga ginshiƙin tsakiya ake farawa. Sauran sai na zo. Na rubuta bayanin a takarda na sa a aljihun rigar da zan saka, na kuma gaya wa yayarka aljihun.

Ban ce na zo zama ba. Na zo ganin matakala. In ta ɗauki lokaci, ba laifina ba ne, irin wannan aikin ba a yi masa gaggawa.

Ranar Asabar kada ka kwance ƙafafun kafin in iso. Ina so in fara ganinka tsaye a gabansa.

Kawunka.